Gara Ta Riga Ni

Jika ɗaya na saye shi a Yamai,
a ƙasa, tsakanin ƙamus da tsohon littafin lissafi.
Mai tallar ya ce, "Labarin Norwe ne, na mutanen da."
Bai ce mini gara ta riga ni karantawa ba.

A Tawa nake buɗe shi, daren da gadin farmasi ya faɗo kaina.
Kuran ya ɗauke, fanka ta tsaya,
zufata na ɗiga kan shafin da ƙanƙara ta toshe ƙofa.
Sunan matar ya ƙi zama a harshena,
sai na raɗa mata Tasalla.

Tasalla mai makullai bakwai a ƙugu.
Tana ƙirga busasshen kifi a rataye,
tana raba shi da kwanakin da rana ba ta leƙowa.
Mijinta ya bi jirgin katako,
ya ce zai komo kafin ciyawa ta tsiro.
Ciyawa ta tsiro sau shida.

Wani ya buga taga, maganin zazzaɓi yake so.
Kafin in ba shi canji in dawo
ta binne ɗanta na uku
a ƙasar da sai an hura mata wuta take karɓar dagi.
Ba ta yi kuka ba. Ta je ta tatsi saniya.

Wajen asuba aka ga filafilai a bakin ruwa,
ta fito, hannunta duk gari,
na juya shafi,
sai rami.
Goma sha ɗaya na ƙarshe gara ta yi sahur da su.

Da hantsi na iske Inna tana zaɓen albasa,
na kwashe labarin na ba ta.
Ba ta ɗaga kai ba.
"Ya dawo," in ji ta.
Na ce, a ina kika karanta?
"Ubanka rani ɗaya ya ce zai yi a Abijan.
Suna dawowa, Tankari, in ƙafa ta gaji,
da rediyo, da tari.
Ba nan tambayar take ba.
Ka ce, ta miƙa masa makullan?"

Ta jefar da ruɓaɓɓiya, ta sunkuya ɗauko wata.
A wuyanta, cikin igiyar da maiƙo ya baƙanta,
makullin rumbunmu yana lilo.

Daga zaure Baba ya yi gyaran murya,
yana tambaya ko akwai sauran fura.