Tsakanin Gilashi Biyu

Ƙarfe biyun dare a Yaba,
janaretan maƙwabci na tari,
ni da kwamfuta muna gina bene hawa tara
wanda ko harsashinsa ba a haƙa ba a Lekki.

Ta tambaye ni: nawa ne tsakanin gilashi da gilashi?
Na rubuta milimita shida.
Zafi ya tsallake kamar mai tsallake kwata,
ya zauna a falon da ba kowa.
Na ce to, talatin.
Sai iskar ta sami fili, ta tashi kewaya,
ta ɗauko daga waje ta sauke ciki,
'yar dako ba lada.

A goma sha uku ta kwanta.
Ashe iska ma sai an matse ta daidai take riƙe amana.

Waɗanda suka rubuta manhajar nan
tsoronsu kada ɗumi ya gudu daga ɗaki.
Ni rana nake kora,
ranar Ikko mai fitowa jiƙe daga teku.
Na goge lambarsu, na sa tawa.

Gobe Rotimi mai haɗa taga zai kalli takardata,
ya kanne ido, ya auna da yatsa.
Damina biyu, in danƙo ya saki,
raɓa za ta shiga tsakani ta yi hazo.
Babu gurbin wannan a allona.

Waya ta haska: Tasalla ce daga Gusau,
"Har yanzu ba ka kwanta ba?"
Na dubi tazarar da ke tsakaninmu,
ban san nawa zan rubuta ba.