Akwatin Da Ba Murfi

Sunana Algot, ɗan Gottfrid Hedlund maƙeri.
A nan Oberá harshe ba ya ɗaukar sunan duka,
sai su ce Don Algo,
wato "wani abu" a bakinsu.
Shekara tamanin ina amsawa.

Ubana ya baro Kiruna, garin ƙarfe da dogon dare,
shekarar da aka rufe wa masu yajin aiki ƙofa.
Ya ɗauko guduma ɗaya, da Hulda, da 'yarsu Elin,
da takardar wani dillali mai zaƙin baki
da ya rantse cewa a Brazil gona kyauta ce,
lemo har cinya yake faɗo wa mutum.
Tun a bakin teku suka ga ƙarshen ramin ƙaryar.

Elin ba ta ga damina ta biyu ba.
Zazzaɓi, kwana huɗu.
Ba fasto, ba katako busasshe a dajin nan kaf.
Baba ya dubi akwatin da Mama ta taho da shi,
shuɗi, da zanen furanni da sunan kakarta,
ya sa guduma ya ɓalle murfin.
A kansa aka kwantar da yayata.
Ban san fuskarta ba. Na san tsawonta:
faɗin bakin akwatin nan, ba ƙari.

Suka haye kogin Uruguay a kwale-kwalen aro,
aka haife ni a bukka, kan jar ƙasa.
Mama ta shuka dankali sau uku,
sau uku tururuwa suka yi biki.
Sai Eusebia, tsohuwar da ke ƙetaren rafi,
ta miƙo mata sandar rogo ba tare da magana ba,
ta nuna da ƙafa yadda ake binnewa.
Da rogon nan aka yi ƙashina.

Duk Asabar Mama na wanke fararen labulenta,
duk Litinin sun koma ja.
A watan Disamba takan kunna kyandir huɗu,
zafi ya lanƙwasa su kamar masu gaisuwa,
tana rera waƙar ƙanƙara, gumi na bin wuyanta.
Baba kuwa bai taɓa ambaton gida ba.
Adda yake ƙerawa, ɗaya bayan ɗaya,
amma ran da aka yi sanyin safiya har ciyawa ta yi fari
na gan shi tsaye ba takalmi, ya daɗe.

Na auri Ramona Benítez, mai tsinkar ganyen mate.
Shekara guda Baba bai taka ƙofarmu ba,
har ranar da aka sa wa jaririya suna Elin.
Ya zo da cokali ƙarami, ƙirar hannunsa,
ya ajiye, ya ce zafi ya yi yawa yau.

Sau ɗaya na je Sweden, da furfura.
Na buɗe baki, 'yan uwa suka yi murmushi:
wai ina magana irin ta mutanen da ke maƙabarta.
Suka ba ni kofi da biskit kala bakwai.
Rana ta ƙi faɗuwa, barci ya ƙi zuwa.
Daren na biyar na wanke safata a kwano,
ruwan ya fito ja.
Na zauna bakin gado ina kallonsa,
na kasa zubarwa.

Yanzu jikata Noemí ta koyi sassaƙa.
Jiya ta zo da ma'auni, ta durƙusa gaban akwatin,
ta ce, Kaka, bari in yi masa murfi,
ƙura na ɓata labulen da ke ciki.
Na ce mata yana da murfi.
Ta duba bayan ƙofa, ta duba ƙarƙashin gado.
Na ce, zauna, ɗora ruwan zafi tukuna,
hanyar tana da nisa,
kuma sai mun haye kogi.