Lambobi a Bayan Kalanda

Rasit ɗin wuta nake nema na ci karo da ita,
tsohuwar kalandar ofis, a naɗe kamar tabarma.
A bayanta sunaye goma sha tara da jan biro,
mu da muka yi aiki a gidan yara na Gangare
kafin masu tallafi su ɗaure bakin jaka su wuce.
Shekara shida ke nan. Wurin ya zama shagon fenti.

Na sa katin ɗari biyar, na zauna a bakin gado.
Lamba ta farko, aka ce ba ta aiki.
Ta biyu, wani mai facin taya a Kafanchan
ya rantse bai taɓa sanin wata Kachollom ba.
Ta uku ta yi ta ƙara har na fid da rai,
sai ga Haladu direba: "Wa ke magana?"
Na ce, "Mai hana ka mai sai ka sa hannu."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Daga bakinsa na samo Lantana mai girki,
yanzu tana tuyar masa a Farin Gada.
Daga Lantana sai Nanbam mai allura,
wadda yara ke shigewa ƙarƙashin tebur in sun ji takunta,
su fito in ta girgiza gwangwanin alewa.
Ashe kowa na riƙe da bakin zaren wani.

Ba kowa ya yi murna ba.
Dung akanta ya ce, "Albashina na wata huɗu fa?
Zumuncin ne zai biya?" Ya kashe waya.
Lambar Malama Cindo ƙaninta ne ya ɗauka:
"Ai bara da azumi muka kai ta."
Na ɗaga biro in soke sunan, hannuna ya ƙi.
Ɗigo na sa a gefe.

Sai maganar inda za a haɗu.
Garin nan ya koya mana lissafin unguwa:
wannan ba ya hawa can bayan la'asar,
waccan ba ta gangarowa nan ko da tsakar rana,
mu da muka raba dare a kan yaro ɗaya mai zazzaɓi
ba wanda ya tambayi yadda uwarsa ke addu'a.
Muka tsai da Taminus, rumfar mai shayi, ranar Asabar.

Aka tsuge da ruwan Agusta. Mu bakwai muka zo,
muna ƙirga furfurar juna da ido.
Lantana ta ce sikelin jarirai yana ɗakinta,
ba ta sayar ba, ba ta san dalili ba.
Can sai ga Dung, rigar sanyi sharkaf,
da sabon littafi a leda:
"In adashi za a yi, ni zan riƙe.
Na san ku da lissafi."

Da muka tashi, mai keken da ya kawo Nanbam
yana nan bai tafi ba. Ta miƙa kuɗi, ya noƙe hannu.
"Inna, ba ki gane ni ba?
Tanimu ne, na gado na takwas,
wanda ya cije ki a yatsa."
Ta duba yatsan kafin ta dube shi.

Ya ce a rubuta tasa lambar ita ma.
Na ce jerin na ma'aikata ne.
Ya ce, "To wa kuka yi wa aikin?"

Bayan kalanda ya cika, ba masaka tsinke.
Na juya gabanta,
na rubuta shi a kan watan da aka rufe gidan.