Zaitun Ba Ya Son Gaggawa

Iskar Janairu ta kayar da zaitun ɗin mahaifina,
wanda tsofaffin Zaros suka ce ya girmi ƙararrawar coci.
Maƙwabta suka ce, "Argiro, kin samu makamashin hunturu uku."
Na ɗora gungume guda a baro,
na gangara garejin Lefteris, inda inji ke wuni yana juyawa.

Shekara talatin yana gyaran jiragen fito,
yanzu akushi yake fitarwa daga cikin itace, ba don kuɗi ba.
Bai ce sannu ba. Ya dubi hannun rigata.
"Naɗe shi. Ɗaure gashi. Cire zoben nan.
Inji bai san ke malamar makaranta ce ba,
abin da ya kama, shi yake nannaɗewa."

Asabar uku ban taɓa itace ba.
Washi kawai.
Ya shafa baƙar tawada a kuncin kurfi,
ya ce, "Taɓa dutse kaɗan, ki ɗago ki duba.
Inda baƙi ya goge, nan kika ci.
Inda ya saura, nan hannunki ya yi miki ƙarya.
Kada ki danna. Ƙarfe in ya yi shuɗi ya ƙone,
ga gwangwanin ruwa, tsoma shi tun yatsa bai fara ƙorafi ba.
Kaifi ba a roƙonsa da ƙarfi,
lallaɓa shi ake yi har ya amince da fitowa."

Ran da muka ɗaura gungumen,
ya juya shi da hannu tukuna, ya ji ko zai bugi matokari.
"Tsaya gefe in za ki kunna. Fara a hankali.
Ƙarfe kan matokari, sannan kunci ya kwanta a jikin itace,
sannan ki ɗaga ƙota kaɗan, kaɗan,
har baki ya sami abin ci."
Sai ga sassaƙe na tashi dogo, a murɗe, da danshi,
garejin ya cika da ƙanshin matsar mai ta Nuwamba.
Na ga babana tsaye da sandar kaɗe 'ya'ya.
Hannuna ya yi rawa, kurfi ya cafke, ƙau!
Lefteris ya kashe inji, ya ɗora gahawa,
bai tambaye ni dalilin hawayen da nake sharewa.

"In kin ga gari maimakon sassaƙe, koma dutse.
Ɗanyen itace a bar masa kauri,
a shafe shi da kaki, a kwantar cikin jakar takarda da sassaƙensa.
Auna shi duk wata a sikelin kicin.
Ran da nauyi ya daina sauka, ya gama kukansa."
Wata takwas nawa ya yi yana ramewa.

Samfefa kuwa tsani ce, ba a tsallake mataki:
ɗari da ashirin, ɗari da tamanin, ɗari biyu da arba'in.
Rufe hanci. Tsayar da inji, ki bi jijiyar itacen da hannu.
Na kawo man gonarmu a kwalba, ina taƙama.
Ya yi dariya har da tari.
"Wannan na salak ne. A jikin akushi hamami zai yi.
Ga man linzami? A'a, ga na irin kitani, ga kakin zuman Sifis.
Shafa siriri, goge ragowar, jira kwana, sake.
Tsumman kuma shanya shi a waje,
in kin dunƙule shi, da kansa yake kamawa."

Na farko dai na zurfafa, ina neman sirantaka,
har haske ya leƙo ta gindinsa.
Lefteris ya ɗaga shi sama, ya hango ni ta hujin.
"Madalla. Kowa da mazurari yake farawa."

Yana rataye a kicin, da shi nake ɗura mai a tulu.
Na biyu yana cikin jakarsa, ƙarƙashin gado.
Jiya na auna. Har yanzu yana raguwa.