Ranar Kitso

Shekara goma sha tara
kan Furera yana sauka a cinyata
duk Alhamis ta biyu,
nan Bolari, a inuwar darbejiyar tsakar gidanmu.
Na san kan nan fiye da tafin hannuna:
tabon da murhu ya bar mata tun tana rarrafe,
da ƙeyar da ba ta son a ja.
Shuku in da biki,
kalaba in tana son ya kwana biyu.

Ni na fara ji, kafin mijinta.
Ina cikin tsaga ta ce, Tabawa,
akwai wani abu a maman hagu,
kamar ƙwallon dabino, ba ya ciwo.
Na ce abin da ba ya ciwo ai ba cuta ba ne.
Na ce ta ɗumama man shanu ta shafa.
Maganar nan tawa
har yau ita ke tashi na da tsakar dare.

Wata bakwai muka cinye a kanta.
An sha jiƙo daga Dukku, an yi turare,
wannan ya ce jifa ce,
wancan ya ce daji ba ya son ƙarfe, kada a yarda da allura.
Sai Hansai, 'yarta mai karatun lafiya a Kaltungo,
ta zo hutu, ta duba,
ba ta ce uffan ba,
ta fita ta taro keke.

Asibitin koyarwa. Kati, layi, benci mai sanyi.
Suka yanke.
Suka ɗura mata jan ruwa a jijiya,
irin wanda ke mayar da ƙamshin daddawa abokin gaba.
Injin markaɗenta ya tafi,
tumaki biyu suka bi shi,
sannan ɗan filin da ke hanyar Kumo.

Alhamis ta zo, ita ma ta zo.
Na sa matsefi, gashi ya biyo ni
kamar audugar da ta gaji da jiran mai tsinka.
Na dunƙule, zan tura ƙarƙashin tabarma.
Ta ce, miƙo nan.
Nawa ne, ni zan yi masa sallama.

Da kai ya koma ƙoƙo ma ba ta fasa ba.
Ta kwance ɗankwali, ta kwantar,
na lakato man kaɗanya,
ina tsaga da ɗan yatsa, layi bayan layi,
ina kitsa abin da babu.
In na gama ta kwance bakin zane.
Na ce haba.
Ta ce karɓi.
Ranar da kika ƙi kuɗina, ranar na zama abar tausayi.

Rannan ta shigo tana dariya har da riƙe ɗinki:
wai likita ya ce yanzu saura gashi.
Na ce masa wane gashin kuma, ɗan nan?
Ai kun kwashe!

A ranar na samu bakin faɗa.
Furera, ni ce na ce ki shafa mai.
Ta yi shiru har ladan ya gama kiran la'asar.
Ta ce, ke ma haka kika tarar ana faɗa.
Amma mata nawa ke ɗora kai a cinyar nan?

Tun daga nan duk wadda ta zauna sai na tambaya:
yaushe rabonki da laluba ƙirjinki?
Wasu su yi dariya, wasu su ɓata rai.
Ɗaya ta ɗauke kanta rabi a tsefe, ba ta dawo ba.
Biyu sun je an duba.

Wata mai zuwa za a sake ɗaukar hoto.
Ban san abin da zai nuna ba,
ita ma ba ta sani ba.
Amma Alhamis da ta wuce,
dab da tabon murhu,
babban yatsana ya taɓa wani abu mai laushi
kamar bayan ɗan tsako.

Ban gaya mata ba tukuna.
Na dai nemo tsinken kitsonta,
na wanke, na ajiye kusa.