Yaron da ke Kusurwa

A Maldon, a shagon Madam Garrod,
aikina in sa wa hotuna katako da gilashi.
Ranar Talata ruwa na tsugawa
wani tsoho ya shigo, Mista Renshaw,
da takarda naɗe a hammata
kamar mai kai wa baƙo tabarma.

Muka warware ta bisa tebur.
Sai ga mazan jiya na ƙasar nan:
garkuwa ta ciji garkuwa har sun zama katanga,
tsinin masu ya yi cirko-cirko,
kwalkwali na ƙyalli, gemu ja kamar gashin masara.
Kogi ya janye, taɓo ya fito,
mutanen teku na tsallakowa da gatura.
Ɗari biyar aka buga, in ji tsohon,
tawa ce ta tamanin da uku,
ga sa hannun mai zanen nan da fensir.

Na sunkuya da ma'auni.
Ni jikan maƙeri ne, ƙarfe idona ke fara nema.
Takubban nan ba su taɓa cin ƙashi ba,
ba giɓi, ba tsatsa,
mai zanen bai san ƙaurin maƙera ba.
Amma can ƙasa, a kusurwar hagu,
gaskiya ta suɓuce masa:
yaro kwance cikin taɓo, ko gashin baki bai tsiro ba,
takalmi ɗaya ya fice,
tafin ƙafarsa fari fat yana kallona.

Rufe mini wannan, in ji tsohon.
Ƙara faɗin kwalin, inci guda ya isa.
A falo zan rataye, jikoki na zuwa.
Muryarsa ba ta yi rawa ba.
Yatsan da ya nuna da shi ne ya yi.
A damtsensa tambarin wata bataliya
ya koɗe, ya zama shuɗi-shuɗi.
Ban tambaye shi wane yaƙi ba.
Wanda maciji ya sara
ba a jefa masa igiya don a gani.

Na yanka kwalin yadda ya so.
Wuƙar ta bi layi sumul,
na binne yaron karo na biyu,
wannan karon da farin kwali, ba ko salati.
Kafin in buga ƙusa ta ƙarshe
na juya bayan hoton, na rubuta da Hausa:
akwai ɗan wata a nan.
Wa zai karanta? Oho.

Da yamma na gangara bakin kogi.
Ruwa ya janye kamar a hoton,
tsuntsaye na tsattsagar taɓo,
wata mata na kiran karenta.

Juma'a ya dawo, ya biya fam arba'in.
Ya ɗaga hoton wajen hasken taga,
garkuwoyi suka ɗauki rana.
Madam ta ce ya yi kyau.
Shi kuwa idonsa bai tsaya kan jarumai ba,
kai tsaye ya gangara kusurwar hagu
ya zauna a kan farin kwalin,
ya daɗe.