Bas na Tara da Arba'in

Takardar asibiti ta ce ƙarfe tara.
Bas ɗin farko yana shigowa Cwmderw tara da arba'in,
in ya ga dama.
Na jera su kan tebur, takardar da jadawalin,
na zuba musu ido ko za su sasanta.
Shayina ya huce, ba su sasanta ba.

Shekara talatin da ɗaya na yi a cikin dutsen nan
ina haƙo kwal.
Zamanin nan jirgin ƙasa har bakin rami yake zuwa,
sau shida a yini, ba ya makara,
don kwal ba ya jira.
Da kwal ya ƙare aka naɗe dogo kamar tabarma.
Baƙin da ya rage a ƙirjina
shi ne kuɗin sallamata.

Banki ya fara tafiya, gidan waya ya bi sawu.
Kantin magani ya koma shagon caca,
cacar ma ta gaji ta rufe.
Likitanmu ya tsufa ya ajiye aiki, ba a aiko wani ba.
Sai coci ɗaya, sai tumaki a kan tudu,
sai rumfar jiran bas mai fasasshen gilashi
inda ruwan sama ke shigowa a kaikaice
ya same ka duk inda ka raɓe.

Na buga waya.
Wata murya mai ladabi ta ce in hau tasi.
Fam talatin da takwas zuwa, haka dawowa,
kuɗin ɗumama ɗakina na mako biyu.
Ta ƙara da cewa wanda ya saɓa sau biyu
ana share sunansa.
Ni kuwa na riga na saɓa ɗaya.

Bakwai da rabi aka ƙwanƙwasa.
Nerys ce, 'yar gidan Bevan,
daga aikin dare take, kamfanin fige kaji,
ko hular raga ba ta cire ba.
Ta ce, Emrys, ɗauko kwat ɗinka.
Ƙofar direba ba ta buɗuwa,
ta wajena ta shiga ta tsallaka.
Mil goma sha tara, kwana bayan kwana,
tana taunar cingam kada ido ya ci amanarta,
ni ina ba ta labarin kakanta Glyn
da yadda yake raba burodinsa da ɓeran rami.

Sau uku suka sa na hura iska a bututu.
Minti goma sha biyu duka-duka.
Aka ce in dawo watan Maris,
ƙarfe tara.

Na tarar da ita a filin ajiye motoci
ta kifa goshi kan sitiyari,
barci ya yi awon gaba da ita.
Injin tikiti fam biyu yake ci duk awa.
Na lalubi aljihu na ba shi huɗu,
na zauna kusa da ita a hankali,
na danne tarina a maƙogwaro iya ƙarfina.

Sha ɗaya saura kwata bas ɗinmu ya iso.
Mutum uku suka sauko, kowa da takarda a hannu.
Eluned ce a gaba, mai shekara tamanin da ɗoriya,
ta sa takalminta na zuwa coci,
tana dogara sanda, tana sauri.